Wuta Ke Fara Sauka

Rijiya goma sha tara na haƙa da hannun nan, tun daga Sukukutane har bayan Ɗan Kassari, kuma ban da guda ɗaya, duk ana shan ruwansu har yau. Sau biyu ƙasa ta rufta a kaina aka tono ni ina zagin masu tonon don sun yi nawa. Ban taɓa shiga lakkwal ba, makarantar bokon nan. Amma ka kai ni kan fako in taka, zan gaya maka gaba nawa za ka haƙa kafin ka ga ruwa. Sunana Gado. Ka tambaya.

Bana Luƙman, ɗan ƙanena marigayi Munkaila, ya dawo daga cin rani a Kwatano da talabijin da farantin hasken rana. Mutum ne mai shekara talatin da shida, mai mata da 'ya'ya huɗu, mai ƙirji kamar ƙofar rumbu. Kullum bayan la'asar sai ya fito da akwatin ƙarƙashin rumfa, gari ya taru. Ni ma na je, don kada a ce tsoho ya ji tsoro.

Fim uku na gani a mako guda. A na farko mutum ɗaya ya kashe arba'in, hularsa ba ta faɗi ba. A na biyu mota ta tashi sama ta tsallake kogi. Waɗannan ban ce komai ba, ban san aikin mota ba. Na uku ne ya shigo gonata. Shef-bandi, uban 'yan fashi, ya jefa wata yarinya cikin tsohon ramin haƙar zinariya, sai akta ya ɗaura igiya a ƙugu, ya maƙala tocila a goshi, ya faɗa ramin da ka. Ya isa ƙasa, ya yi dambe da mutum biyar, ya fito da yarinyar yana murmushi. Samari suka yi ta ihu.

Na ce, "Wanga mutum gawa ne."

Alphonse, magini daga Dogon Dutsi da ya zo gina ajin lakkwal, yana gefena. Tsohon abokina ne, tare muka zuba siminti a rijiyoyi da yawa. Ya ce, "Gado, kishi kake. Kai da ka yi shekara goma ba ka sauka ko ramin shara ba."

"Kai da ke jin jiri a kan tsani? Rame wanda ya daɗe a rufe, mutum ya faɗa mai ba wuta a gaba? Da a Arewa ne da yanzu ana zaman makoki."

Luƙman ya yi dariya. "Baba Gado, ba ka ga tocila a goshinsa ba? Zamani ya wuce fitilarku."

Aka yi dariya, na bar su.

Ranar Alhamis bunsurun wani Bafulatani ya faɗa rijiyar garinmu, ba wanda ya gani. Sai ranar Asabar mata suka ji guga na fitowa da wari. Rijiyar nan ni na haƙa ta, gaba talatin da biyu, kuma ita kaɗai gare mu. Aka zura ƙugiya yini guda, ba ta kamo komai ba sai gashi. Mata suka koma ɗaukar jarka a amalanken jaki zuwa famfon wani gari, su fita da hantsi su dawo azahar ta gota. Matata Mariama, da ciwon gwiwarta, har da ita.

Ranar Lahadi da safe na iske taro a bakin rijiya. Luƙman ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, tocila a goshi. Wallahi har tsayuwar irin ta mutumin fim ɗin ce. Samari shida sun riƙe igiya suna ce masa akta.

Ban yi gudu ba, ni ba na gudu gaban jama'a. Na taka a hankali na isa inda aka naɗe sauran igiyar, na zauna a kanta.

"Baba, tashi mana."

"Ba ni tashi."

"Mata na wahala. Minti goma ne, in ɗaure shi ku jawo."

"Wuta ta sauka?"

Ya nuna goshinsa. Na ce ba wannan ba, wuta mai harshe. Ya kwance tocilar, ya ɗaura ta a siririyar igiyar guga, ya zura. Muka leƙa. Ta yi ta sauka tana haske har ta taɓa ruwa. Ya jawo ta tana ci.

"To ga ta nan. Mi ya same ta?"

Na ce, "Tocila ba ta numfashi, Luƙman. Ko cikin kabari ka sa ta, ci za ta yi. Wuta kuwa numfashi take yi kamar kai. Inda ta mutu, nan za ka mutu. Mushe ya kwana uku cikin ramen nan, ya ɓata iskar ƙasa. A kawo mini fitila."

Nan fa aka tsaya kallon juna. Gari guda, gida sama da tamanin, babu fitilar ƙwai ko ɗaya mai aiki, babu aci-balbal, babu ɗigon kananzir. Kowa ya koma tocila da hasken salula. Mariama ta ce tamu tun bara ta zama wurin ajiyar allura. Wani ya ce a kunna tsumma a jefa, na ce wuta mai faɗowa ba ta gaya maka komai, sai wadda ta sauka a hankali kamar mutum.

Wani saurayi ya ce, "A ɗaga tsohon nan mana." Na dube shi, na ce ya zo ya gwada, uban da ya haife shi ma ruwana ya sha ya girma. Bai zo ba.

Alphonse ne ya tafi masaukinsa, ya dawo da kyandir shida a takarda. Ya ce, "Na addu'ata ne, daga coci na taho da su. Ka ƙone mini su a banza, Gado, sai ka bi ni Dutsi ranar Lahadi ka yi waƙa."

"In na yi waƙa cocinku zai watse."

Na sa aka kawo gwangwanin tumatir babba, na huda gefensa, na kafa kyandir a ciki. Igiyar gugar na ƙulla mata ƙulli a kowace gaba, yadda muke yi tun da. Na kunna, na fara zurawa ina ƙirga da ƙarfi. Goma, tana ci. Ashirin, tana ci. Ashirin da huɗu, harshen ya rage kamar ƙwayar gero. Ashirin da shida, duhu.

Luƙman ya ce kaɗawar igiya ce ta kashe ta. Na jawo, na sake kunnawa, na ba shi igiyar ya zura da hannunsa. Ashirin da shida, duhu. Ya sake, a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Ashirin da shida.

Wata tsohuwa ta ce doguwa ce, aljanar rijiya, ke hurewa, a yanka mata jan zakara. Na ce ta yanka in tana da shi, ba na hana kowa, amma ko zakara goma aka yanka ba mai sauka sai wuta ta taɓa ruwa tana ci.

Luƙman ya matso kusa, ya rage murya. "Baba, gaba shida ce ta rage. In riƙe numfashi, in ɗaure, in fito. Na iya nutso, a teku na koya."

Abin da ban taɓa gaya masa ba, ranar na gaya masa, a gaban kowa. Ya san ubansa ya rasu a rijiya yana ciki ba a haife shi ba. An ce masa ƙasa ce ta rufta. Ba ƙasa ba ce. Rijiyar da na ce ba a shan ruwanta, ita ce. Mun je yasarta ni da Munkaila, kananzir ya ƙare, kasuwa da nisa, rana tana yi. Ni ne babba. Ni na ce masa, sauka kawai, jiya ma lafiya muka fito. Ya sauka. Igiya ta yi shiru. Na bi shi, ban kai inda yake ba na ji kaina ya yi nauyi, daga nan ban san komai ba sai bayan kwana biyu. Ni aka jawo da rai. Shi ma ya iya riƙe numfashi, ya fi ni.

Na ce, "Na ba rame uba. Ba ni ba shi ɗa. In kana son igiyar ga, sai ka ɗaga ni, kuma sai ka kashe ni kafin ka ɗaga ni."

Ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya ce, "To mi za a yi?"

Aiki za a yi. Na tura samarin nan masu kiran akta su saro rassan dogon yaro masu ganye, muka ɗaure su dami guda mai faɗin bakin rijiya. A zura shi ƙasa, a jawo da sauri, a sake zurawa. Damin yana tura mugun iska sama, yana jawo mai kyau ƙasa. Ba abin kallo ba ne, ba wanda zai yi fim ɗinsa. Mutum huɗu-huɗu suke karɓa, hannu ya yi kanta, baya ya ƙage. Ni ina zaune kan babbar igiya ina ba da umarni, don ni ne na san aikin.

Da azahar wuta ta kai ashirin da takwas. Da la'asar, ashirin da tara. Masu ja suka fara gunaguni, wani ya ce da an bar akta da tuni an gama. Luƙman ne ya ce masa ya rufe baki ya ja. Da rana ta yi ƙasa na naɗe babbar igiyar na kai ɗakina, Mariama ta tura ta ƙarƙashin gado. Na yarda da yaron, amma na fi yarda da igiya a ɗakina.

Litinin da hantsi kyandir biyu suka rage. Talatin. Talatin da ɗaya. Kafin azahar gwangwani ya zauna kan ruwa, wuta tana ci, ƙarama amma tsaye. Na ƙirga ɗari tana nan.

Na so in sauka da kaina, kowa ya ji na faɗa. Mariama ta ce in na taɓa igiyar nan ta koma gidan ƙanenta a Kore Mairuwa. Alphonse ya ce rijiya ta riga ta sami tsohon bunsuru ɗaya, ya isa. Don haka na bari, ba don ba zan iya ba.

Ni na ɗaure Luƙman da hannuna, ba a ƙugu kawai irin na fim ba, ta cinyoyi da ƙirji, yadda ko ya suma ba zai zame ba. Na rataye gwangwanin tsawon gaba guda ƙasa da ƙafarsa. Na ce, "Ka sa tocilarka, ka ga hanya. Amma idonka kan wuta. In ta rage, ja igiya sau uku. Ko hannunka na kan ƙahon bunsurun ne, sake shi."

Ya sauka da ƙafa, kamar mutum. Igiya tana bi ta tafin hannuna, ina jin kowane motsinsa. Ya isa. Shiru. Sai na ji ja ɗaya, biyu, uku.

"Ku ja! Ku ja, 'ya'yan banza!"

Ya fito hannu wofi, ya durƙusa yana amai. Ya ce da ya juya mushen sai cikin bunsurun ya fashe, wuta ta koma shuɗiya ta kwanta. Igiyar ɗaurin tana hannunsa, saura kaɗan, amma ya saki.

Wani daga baya ya ce, "Akta ya gudo!" Wasu suka yi dariya.

Na miƙe. Na ce, "Wa ya faɗa? Fito in ɗaura ma igiya." Ba wanda ya fito. "Rijiya sha tara na haƙa, ban ga namijin da ya kai wanga ba. Ubansa bai samu wutar da zai duba ba. Shi ya samu, ya kuma ji maganarta. Ku koma kan dami."

Suka koma. Muka ja har la'asar, muka ja Talata da safe. Guntun kyandir na ƙarshe bai kai ɗan yatsa ba lokacin da ya zauna kan ruwa yana ci. Luƙman ya sake sauka. Wannan karon ja biyu na ji, alamar a jawo kaya. Bunsuru ya fito cikin buhu, mata suka toshe hanci suna guɗa. Bayansa Luƙman ya fito, da gwangwani a hannu, wutar ba ta mutu ba. Ya miƙo mini. Ni na hure ta.

Kwana biyu muka yi muna kwashe ruwan da jakuna kafin na ɗanɗana na ce a sha.

Ran Juma'a aka sake fito da talabijin, Alphonse ya nace sai an sa na ramin zinariya. Da akta ya ɗaura igiya ya faɗa da ka, ba wanda ya yi ihu. Luƙman ya ce, "Baba, gaba nawa kake gani ramen nan?"

Na duba da kyau. Na ce, "Arba'in, ko fi."

"Bai kai ƙasa ba ke nan."

"Ko rabi."

Alphonse zai koma Dutsi jibi. Na ce ya taho mini da kyandir kwali guda da fitilar ƙwai sabuwa, za su zauna a ɗakina tare da igiya. Ya ce wannan karon sai na yi waƙar. Na ce ya kawo tukuna.