Hannun Togo

Shekara ashirin da biyu ina tuƙin lori daga Tamale, ban kuma taɓa yarda akwai direban da ya fi ni ba. Ku riƙe wannan, don shi ya ja mini abin da zan faɗa muku.

Sunana Awudu, gidana na unguwar Tishigu. 'Yata ɗaya ce tak, Ajara, ta kuwa rasa wanda za ta aura sai Fuseini, wani direba mai sanyin jiki, wanda in ka ce masa zauna sai ya tambaye ka a ina. Ban ƙi shi ba, amma raini kam na raina shi. A daminar shekarar da Togo ta samu 'yancin kai suka haifi ɗa namiji. Fuseini ya ce zai ɗauki Ajara da jaririn a lorinsa, ya kai su Basari, cikin Togo, inda mahaifiyarsa ke aure. Bai taɓa tsallake iyaka da mota ba.

Na zaunar da shi a zaure, na shiga yi masa karatu.

"Ka ɗau fetur galan huɗu, in ka wuce Yendi ba ka samu. Takardan mota da katin allura su zauna aljihun gaba, kada jandarma, ɗan sandan can, ya gan ka kana lalube. In ya yi maka Faransanci, ka cire hula ka ce to. Lamba da ka gani bakin hanya kilomita ne, ba mil ba. Kana ji?"

"Ina ji, Baba."

"Saura babban. Mu nan Gana hannun hagu muke bi, su can dama."

A lokacin hanyar nan jar ƙasa ce, siririya, kowa tsakiya yake bi. Hannu bai da amfani sai ka yi kiciɓis da wata mota, sannan kuwa babu lokacin shawara, jiki ne ke yin abin da ya saba. Saboda haka na yago jan ƙyalle, na ɗaura masa a hannun dama.

"In ka ga mota ya taho, kada ka yi tunani," na ce. "Tunani ba aikinka ba ne. Ka dubi ƙyalle, ka bi shi."

"To, Baba."

Suka tafi, da alkawarin dawowa ran Alhamis ta sama.

Da safiyar Alhamis ɗin ina tasha ina shan koko da abokina Zakaria, tsohon direba, ina ta cika baki kan dabarar ƙyalle. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye kwano.

"Ka gaya masa ya kwance in ya shigo Gana?"

Ni ma na ajiye nawa kwanon. Ban gaya masa ba. Na koya masa shiga, na manta fita. Kuma na san surukina, ko na ɗauka na san shi: abin da na ce shi zai yi, ko da rami ne a gabansa. Zai taho da 'yata da jikana a hannun Togo, ya haɗu da motar da ke bin hagu, gaba da gaba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na faɗa lorina babu kaya babu fasinja, na ɗauki hanyar Yendi don in tare shi. An kwana ana ruwa, hanya sai santsi kamar miyar kuɓewa. Da na tsaya na yi tunani, da na gane cewa wanda ya taho tun daga iyaka ya riga ya wuce motoci da yawa lafiya. Amma mai tsoro ba ya lissafi. Duk kwanar da na sha, gani nake zan tarar da taron mutane da zanin Ajara a ƙasa.

Ban yi mil goma sha biyar ba na iso wata gangara mai kwana. Ina karyo kwanar sai ga koren lorin Fuseini ya taho a tsakiyar hanya, kusa ƙwarai. Na taka birki, tayoyi suka ci gaba da zamewa. Dole in kauce, amma ina? In na bi hagu kamar yadda doka ta ce, shi kuma ya bi ƙyalle, mun haɗu. In na bi dama, shi kuma ya tuna yana Gana, mun haɗu. Ina hango Ajara a kujerar gaba, rungume da yaron.

Na ce a raina, wannan ba shi da kan kansa, ƙyalle zai bi. Na murza sitiyari dama.

Shi kuwa ya bi hagunsa, daidai yadda ya kamata. Muka nufi juna.

Har yau ban san yadda hannunsa ya yi saurin nan ba. Ya ƙara murzawa, ya bar mini hanyar gaba ɗaya, lorinsa ya tsallake kwata ya auka gonar doya, ya yi ta tsalle kan kunyoyin doyar har ya kwanta a gefe. Na sauko na ruga wurin. Shiru. Can sai na ji kukan jariri, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Fuseini ya fito da goshi a fashe, ya jawo Ajara da yaron ta taga. Ta gurje a kafaɗa, yaron ko ƙwarzane babu.

Da jini a fuskarsa ya zo gabana ya durƙusa.

"Sannu, Baba. Ba ka ji ciwo ba?"

Sai na ga ƙyallen. A hannun hagu yake. Tun a iyaka ya mayar da shi, ba wanda ya gaya masa.

Manoma suka taru. Ba a jima ba wani ɗan sanda, mutumin kudu, ya iso a kan keke, ya ciro ɗan littafinsa, ya dube mu.

"Wane ya bar hanya nasa?"

Na buɗe baki. Shekara ashirin da biyu suka danne mini harshe. Kafin in iya cewa komai, na ga Fuseini ya zare ƙyallen a hankali ya tura aljihu.

"Ni ne," ya ce. "Daga Togo na fito, na saba da hannun can."

Ɗan sandan ya karɓe lasisinsa nan take, ya juyo ya ce mini in riƙa koya wa yaran nan tuƙi. Na gyaɗa kai. Ajara na tsaye tana jijjiga ɗanta, ita da ta ga komai daga kujerar gaba. Ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta je ta kama shafe wa mijinta jini da bakin zaninta.