Katifar da Aka Naɗe

Uwar Biyu ta san asibitin nan tun zamanin da masu jinya ke kwana a baranda. A nan ta yi jinyar mahaifiyarta, a nan ta yi ta surukarta, yanzu kuma ga ta da mijinta, tsohon tela, wanda aka yi wa aiki a ciki.

A da, labari ba ya zuwa wa mai jinya sai ya bi shi da ƙafa. Akwai dogon benci a bakin ɗakin marasa lafiya, nan mata ke jeruwa da fulas da tabarmi. Wadda ta riga ki zuwa ita ce malamarki. Ta nuna miki tagar karɓar magani, ta faɗa miki likitan da ake iya tarewa a hanya da wanda ko sallama ba ya amsawa. Uwar Biyu ta yi ƙawaye a bencin nan waɗanda har yau ba ta san sunayensu ba, kuma tana kewarsu ƙwarai.

Bencin yana nan, har fenti aka yi masa, amma ba mai zama. Asibitin ya fito da manhaja mai sanar da mai jinya komai ta waya: lokacin magani, sakamakon gwaji, zagayen likita. Auta, 'yarta, ta saka mata kafin ta tafi wurin aiki.

"Umma, in ta yi ƙara ki danna nan kawai, za ta karanta miki."

"Ni za a koya wa jinya? Na fara ta tun ba a haifi wanda ya ƙera wayar ba."

Ta jefa wayar can ƙasan jaka, ta ɗora kwanuka a kai.

Da hantsi ta tafi famfon baya wanki. Layi ya yi tsawo, ta ɗan jima. Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ƙafafunta suka tsaya. An yaye zanin gadon mijinta, an naɗe katifar. Ba kofinsa, ba silifas ɗinsa.

Haka ta ga gadon mahaifiyarta ranar da ta rasu. A saninta, katifar da aka naɗe magana ɗaya take yi. Ranar kuwa wata tsohuwa daga benci ce ta tare ta, ta rungume ta.

Ba ta tambayi nas ba. Mai jinya ba ya tambayar irin wannan, zuwa ake a faɗa masa. Ta fita ta zauna a benci, jiƙaƙƙun kaya a cinyarta, tana jiran wadda za ta zo ta riƙe ta. Mutane na wucewa, kowa ido a kan waya. Ta tuna maganarta ta ƙarshe da mijin faɗa ce, don ya zubar da shayi a riga. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

Jakar sai ƙara take yi. Ta ɗauka Auta ce ta ji labari, ita kuwa ba ta da bakin amsawa. Da ƙarar ta ishe ta, ta zaro wayar ta danna don ta yi shiru. Sai wata murya ta fara karatu a nitse: "An mayar da majinyacinku ɗakin masu samun sauƙi da ke hawa na sama. Jikinsa da sauƙi, ya fara cin abinci."

Ta sake dannawa, muryar ta sake faɗa. Matar da ciwon gwiwa ke hana ta tsallake kwata, ranar ba ta san yadda ta haye matakala ba.

Ta same shi zaune, ya juya bakin rigar asibiti yana duba ɗinki.

"Uwar Biyu, dubi aika-aika. Wanda ya ɗinka wannan ko yaron shago ba zan ɗauke shi ba. Ina kika shiga ne? Tun ɗazu aka ce an tura miki saƙo."

Ta zauna a bakin gado ta kama hannunsa da hannu biyu, ta riƙe gam.

"Ke, mutane na kallo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun da muke ba ki taɓa yin haka ba."

"Su kalla, Malam. Yanzun nan na taso daga zaman makokinka, kuma ni kaɗai ce a wurin."