Inda Harun Yake Kwance

Alƙalin bai yi musun cewa Harun ya mutu ba. Ya ma yi wa Rahamatu ta'aziyya, ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha, kafin ya gaya mata cewa wannan mutuwa ba ta kotunsa ba ce.

"'Yar'uwa, ki fahimce ni," ya ce. "Kowace kotu da huruminta. Ni iyakata wilayar Gadarif. Ina iya tabbatar da mutuwar wanda gidansa ke nan, ko wanda kabarinsa ke nan. Gidan mijinki yana Madani. Kabarinsa fa?"

"A bakin titi, Maulana."

"Kafin allon iyaka, ko bayansa?"

Rahamatu ta dubi 'yarta Duaa, wadda ke zaune a benci da kumburarrun ƙafafu. Likitoci sun ce ƙodar yarinyar ba za ta jira ba, sai an kai ta Masar. Ofishin fasfo kuma ya ce sai uba ya sa hannu, ko a kawo shaidar rasuwarsa daga kotu.

Ta tuna ranar sarai. Suna gudun yaƙi daga Madani a bayan babbar mota, ciwon suga ya kayar da Harun, ya cika a kan cinyarta da hantsi. Fasinjoji suka haƙa kabari, suka sallace shi. Direban ya ba ta guntun ƙarfen mota ta kafa a wajen kai, ta yagi gefen mayafinta ta ɗaura. Sai da suka koma mota, aka ɗan taɓa tafiya, sannan ta ga allon nan kore mai yi wa matafiya maraba da zuwa wilayar Gadarif.

"Kafin allon," ta ce.

Alƙalin ya cire tabarau ya murza idanunsa. "To yana wilayar Jazira ke nan. Kotun Madani ce mai hurumi."

"Maulana, awaki ne ke kwana a kotun Madani yanzu."

"Na sani."

Ya kalli ƙafafun yarinyar. Daga nan ya ce mai baƙin ciki kan rikita gabas da yamma, don haka kotu za ta aika a gano mata wurin da ido. Ya kira magatakardansa, Taha, wani dattijo mai furfura a gira, wanda kakanninsa suka taso daga Katsina za su Makka, tafiyar ta ƙare musu a Gadarif.

A cikin mota, a hanya, Taha ya yi mata Hausa. "'Yata, da kin ce ba ki tuna ba, da yanzu kina gida da takardarki."

"Hannuna yana kan Alƙur'ani, Baba."

"Sahih, gaskiya ne," ya ce, ya juya yana kallon waje.

Kakar riɗi ce. An yanke shi an jingina dammuna a tsaye cikin gonaki, sahu bayan sahu, kamar jama'a sun tayar da salla an rasa liman. A shinge na ƙarshe sojoji suka duba izinin kotu, suka ce mota ba ta wucewa, kuma su dawo kafin la'asar. Suka taka da ƙafa. Baƙar ƙasar nan ta bushe bayan damina, ta tsattsage, wasu tsagogin hannun mutum zai shige har gwiwar hannu. Babu tsuntsu, babu iska. Allon yana can gaba, ya juya musu baya.

Ba su kai gare shi ba Rahamatu ta tsaya.

Ƙarfen yana nan a gefen titi, a tsaye, da tsumman mayafinta wanda rana ta cinye launinsa. Ƙullin nata ne, irin wanda take yi wa bakin buhu. A gindinsa ga tudun kabari, bai lotsa ba, ciyawa ba ta fito a kansa ba.

"Shi ne?" Taha ya tambaya.

"Shi ne. Amma ba a nan na sa shi ba."

Taha ya wuce wajen allon. Ya durƙusa ya duba gindinsa, ya ƙwanƙwasa simintin da sandarsa. Tsohon siminti ne, har gansakuka ta bushe a jikinsa. Ya fito da waya ya duba taswira, ya daɗe yana dubawa.

"Allon bai motsa ba," ya ce. "Nan Gadarif ce."

Rahamatu ta wuce shi, ta tsallaka cikin Jazira. Ta gane bishiyar ƙayar da ta zauna a ƙarƙashinta ana haƙa. Akwai kaburbura a wurin, na waɗanda hanya ta ci bayan wucewarsu, wani da murfin tukunya a kansa, wani da takalmi. A inda ta bar Harun kuwa sai wani kwari mai tsawon mutum. Daga bakin kwarin wata tsaga ta tashi, ba irin sauran masu karkacewa ba. Ta miƙe sak, ta bi gefen titi, ta wuce ta gindin allon. Rahamatu ta bi ta a hankali, kanta a sunkuye, har ta kai ta ga ƙarfen.

Wani tsoho makiyayi yana tsaye a wurin tare da Taha, ba ta ga ta inda ya fito ba. Ya ce sunansa Ishaku, kuma tun kafin yaƙi yake kiwo a nan.

"Kai ka matsar da ƙarfen, Malam Ishaku?" Taha ya tambaye shi.

"Ni da taɓa alamar mamaci? Allah ya tsare."

"To ruwa ne ya kwaso shi."

"Ruwan nan yamma yake gangarawa, ya shehu. Dubi ƙasar." Ya nuna da haɓa. Sannan ya dubi Rahamatu. "Mijinki ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Da farkon damina yana wancan gefen. Ina wucewa ina yi masa sallama. Da ruwa ya yi tsakiya sai na same shi daf da allo, na ce to, wannan yana da mutane a gaba." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata tsohuwa, ita ta riga shi, tana can bayan shinge yanzu. Waɗancan da kika gani kuwa ko taki ɗaya. Wataƙila nasu sun yi kudu, ko babu wanda ya rage."

Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin farashin dawa, ya yi musu sallama, ya bi tumakinsa.

Taha ya zauna a bakin kwalta ya ɗora takarda a gwiwa. Ya goge tafinsa a jikin jallabiya, ya ɗauki alƙalami.

"Ba zan rantse a nan na binne shi ba," in ji Rahamatu.

"Ba wanda zai tambaye ki. Ni aka aiko, kuma abin da aka ce in gano shi ne inda yake." Ya rubuta, yana karantawa a fili. "Na sami kabarin gabas da allo, cikin wilayar Gadarif. Matarsa ta shaida alamar." Ya ɗago. "Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To ranar Alhamis Maulana zai sa hannu, in sha Allah. Ki fara haɗa kayan yarinya." Ya miƙe da ƙyar. "Mu tafi, 'yata. Ba na son wurin nan."

Ta ce ya yi gaba, tana zuwa.

Ta durƙusa a wajen kai. Sai a lokacin ta lura da ƙasar da ke gabashin tudun: ta fara buɗewa, siririyar tsaga kamar zare, ta nufi Gadarif. Masar kuwa arewa take, da hamada a tsakani, da iyakar da ba a tsallaka ta sai da fasfo.

Ta ɗora tafinta a kan tudun. Da ɗumi, amma ko'ina da ɗumi a wannan rana.

"Abu Duaa," ta ce a hankali. "Ya isa haka, ka iso. Zan kai ta asibiti in dawo da ita. Ka tsaya a nan, don in san inda zan same ka."

Ta ɗebi ƙasa ta cika 'yar tsagar, ta danna da hannu biyu. Daga nesa Taha yana kiranta, yana nuna mata rana.