Allon da Ya Tare Kwana

Mai walda ne ya ƙera allon da hannunsa, shi ya sa abin ya tsaya masa a rai. Allon tallan shagon katifu ne, faɗinsa ya kai ƙofar gareji, an kafa shi kan ƙafafun ƙarfe biyu daidai kwanar da layinsu ya haɗu da babban titi. Tun daga ranar, mai fitowa daga layin ba ya hango abin da ke tahowa sai ya zura kai cikin titi.

Cikin wata huɗu aka yi karo uku a wurin. Na ukun yayarsa ce, malamar firamare, babur ya kwashe ta tana dawowa daga aiki. Ƙafa ta karye wuri biyu.

Sau biyu yana zuwa wurin mai katifa yana roƙo a matsar da allon.

"Ina da takardar izini," in ji mai katifa. "Masu babur su koyi taka birki."

Ranar Litinin da hantsi mai walda ya ɗora janareta da injin yanka ƙarfe a baro. Matarsa ta biyo shi har bakin ƙofa.

"Baban yara, kulle ka za su yi fa."

"To sai ki kai min abinci. Kada ki cika gishiri."

Ya tayar da janareta, ya durƙusa a gindin allon. Kafin ya ci rabin ƙafar farko mutane sun taru. Mai katifa ya fito a guje.

"Kai! Ka haukace ne? Dukiyata ce!"

"Matsa baya, Yallaɓai, tartsatsi zai ƙona maka riga. Allonka ko ƙwarzane ba zai yi ba. Waldar ƙasan nan kuwa aikina ce, ita nake warwarewa."

"Zan kira 'yan sanda!"

"Kira su. Ka ce su bi kwanar a hankali."

Wasu suka tuntsire da dariya. Mai facin taya ya kawo igiya, direbobi biyu suka kama, aka kwantar da allon a hankali aka jingine shi da bangon shagon.

Sajan da ya zo ya tsaya a bakin layin, ya dubi dama, ya hango har gada. Amma duk da haka ya tafi da mai walda. Kwana biyu ya yi a caji ofis. Aka miƙo masa takarda ya sa hannu cewa zai mayar da allon inda yake.

"A saman shagonsa zan ɗora masa, ko yau in yana so," in ji shi, ya ture biron. "Amma a kwanar nan, duk wanda ya sake kafawa, zan sake yankewa."

Ƙungiyar masu walda ce ta yi belinsa. Mai katifa ya zaga unguwar yana neman wanda zai tayar masa da allon, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Bayan mako uku ya aiko a zo a ɗora a saman shagon.

Da yamma mai walda ya leƙa gidan yayarsa. Tana tsakar gida, ƙafa a miƙe kan kujera.

"Kai dai tun kana ƙarami ba ka jin magana," ta ce.

"Ai ke kika raine ni, Yaya."

Ta harare shi, ta miƙo masa sandar ƙarfen da take dogarawa.

"Ungo, ta yi min tsawo. Rage min ita."