Shekarar da Fusae Ta Bi Rina

Tun da aka yi wa Shigeharu aiki a gwiwa, bakinsa ya mutu a gida. Ba ciwon ne ya dame shi ba, lokacin farautar rina ne ya zo, ga shi sai da sanda yake tsallaka bakin ƙofa. Baƙar rinar nan ta duwatsun Gifu, mai gina gidanta a cikin ƙasa, tun yana saurayi yake binta. Matarsa Fusae kuwa nata aikin dafa 'ya'yan rinar ne da shinkafa, ba ta taɓa taka daji dominsu ba.

A bara ruwan sama ya zaftare gangaren bayan ƙauye, ya kwashe itatuwa ya bar jar ƙasa da kututturai. Irin wurin da rina ke so ke nan, ƙasa mai laushi, rana na dukanta. Kullum Shigeharu na zaune a baranda yana kallon wajen.

"Tsoho, kallon nan ba zai kawo su tukunya ba," in ji Fusae wata safiya. "Ɗauko sandarka. Kai ka ɗaura, ni in bi."

"Ke? Ke da kaza ma ke tsere miki?"

"To zauna ka ci shinkafa gaya."

Ya yi ƙunƙuni, amma ya tashi.

A gindin gangaren ya soke ɗanyen kifi a tsinke ya kafa. Ba a jima ba rina ta sauka tana yagar nama. Hannunsa da ke rawa in zai sha shayi, a nan ko motsi bai yi ba. Ya murza 'yar auduga siririya, ya ɗaura a ƙwayar nama, ya miƙa mata a hankali. Ta rungume, ta tashi, farin audugar na lilo a ƙarƙashinta.

"Bi ta. Kar ki kalli ƙasa, sama za ki kalla."

Fusae ta bi, ta kalli sama, ta yi tuntuɓe da saiwa ta zauna daɓas cikin laka. Da ta ɗago, babu rina babu auduga. Daga ƙasa ta jiyo dariyar mijinta, wadda rabon da ta ji ta tun kafin asibiti.

"Ka ce kar in kalli ƙasa."

"Ban ce ki bar ƙafafunki a gida ba."

Haka suka wuni. Kowace rina ta tashi, Fusae ta ƙara gaba kaɗan, ta tsaya inda ta ɓace mata ta jira ta gaba. Shigeharu na nuni da sanda yana cewa dama, hagu, ita kuwa ta daina sauraronsa, don ta lura duk suna karkata ne wajen wani kututture da ruwa ya kifar. Da la'asar ta ga farin auduga ya shige wani ɗan rami a ƙarƙashinsa, bakinsa bai fi na kwalba ba. Ta durƙusa tana haki, ta daɗe tana kallon masu shiga da masu fita kafin ta ɗaga masa hannu.

Da jan gindi ya hau wurin. Suka busa hayaƙi a ramin, ya tona da yatsu, ya ciro gidan ɗungurungum, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Wata da hayaƙin bai bugar ba ta harbi Fusae a kunne. Kafin su isa gida kunnen ya kumbura suntum, maƙwabta na tambaya, tana ba su labari tun daga faɗuwarta.

Suka sa gidan a akwatin katako a bayan ɗaki domin su yi kiwon rinar. Duk damina Fusae ce ke rataya musu zuciyar kaza da ruwan sukari, har ta san ƙugin da suke yi in hadari na tafe. Da kaka ta yi, akwatin ya cika maƙil, saƙa kan saƙa.

Ranar fasawa Shigeharu ya so kwashe duka. Fusae ta dafe saƙar ƙarshe, wadda sababbin sarauniyoyin rina, masu kafa gidajen baɗi, ke ciki.

"Wannan kan dutse za a mayar da ita."

"Tsohuwa, nan ne fa masu ƙiba suke."

"Na sani. Ni na ciyar da su."

Ya dube ta, ya janye hannunsa. Suka zauna a tabarma suna zare 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, ta soya su da romon waken suya da citta, ta juye a shinkafa. Ta aika wa gidajen kusa, su kuma suka ci nasu a baranda tun da zafi. Shigeharu ya ce gishirin ya ɗan yi yawa, sannan ya miƙo kwanonsa a ƙara masa.