Tsinken Kwallin Uwaliya

Tsinken kwallin na gab da shiga idon jaririyar da aka haifa da hantsi, sai Sista Anastasia ta kama hannun Uwaliya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi Inna ta zo baranda su yi magana.

Uwaliya ta bi ta tana hura hanci. Daga Madadi ta zo wannan ƙaramin asibitin jinyar surukarta, amma kafin a ce me ta zama uwar ɗakin haihuwa gaba ɗaya. Ita ce dama kunu, ita ce gasa cibi, ita ce bin gado gado da tandunta tana sa wa jarirai kwalli, domin a wurinta jaririn da ba kwalli kamar miya ce ba gishiri. Kowa Inna, kowa Inna.

Da idanun jariran suka fara kumbura suna kwantsa, ita ce kuma ta fara nuna mai laifi. Shekarun nan ne na tsuke bakin aljihu, safar hannu ta yi wuya, kowa na ganin Sista tana wanke guda tana shanyawa. Uwaliya ta ce ai ga inda cutar take. Ta ƙara da abin da ya fi muni, ta ce baƙuwa ce daga kudancin Kaduna, ina ruwanta da 'ya'yan Musulmi. A lokacin da ake ta zancen Shari'a, irin wannan magana ba ta kwana a ɗaki. Tuni mazaje suka taru a ofishin shugaban asibiti, suna neman a ɗauke Sista daga garin.

A barandar, Sista ta tambaye ta wane jariri ne ya fara ciwon. Jikanta ne, da ciwon ma ya zo duniya, shi ya sa take cika masa kwalli don ya washe. Sai wa? Sai ɗan Raliya na gadon kusa. Sai na gaba da shi. Uwaliya na lissafawa muryarta na raguwa, don kuwa hanyar da take bi kowace safiya ce take karantowa.

"Inna, tsinke ɗaya ne," in ji Sista. "Abin da ya ɗauko a wannan ido, shi yake saukewa a wancan. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ki daina kawai."

Da ma zaginta ta yi, da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe Uwaliya har ta rasa inda za ta sa idonta. Laifi tudu ne, ta taka nata ta hango na wata, kuma wadda ta zarga ɗin ce yanzu ke rufa mata asiri.

Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ko kunun da ta dama ba ta iya sha ba. Bayan azahar aka ce a wuce da ɗan Raliya Kano, idonsa na hagu ya fi ƙarfin nan. Shi ne ɗanta na fari bayan doguwar jira. Raliya ta goya shi, ta zo ta durƙusa gaban Uwaliya tana kuka, tana godiya, wai ta riƙe su kamar ita ta haife su. Matan ɗakin duk suna saurare.

Sista ta shigo da maganin ɗigawa na hanya. Raliya ta ƙi karɓa, ta dube ta ta ce, "Ke kuwa, Allah ya isa tsakanina da ke."

Sista ta ajiye maganin a kan gado. Da Uwaliya ta yi shiru, da shi ke nan, ta ci gaba da zama Innar kowa. Ta kamo hannun Raliya.

"'Yata, juyo da Allah-ya-isar nan kaina," ta ce. "Ni ce."