Turmin Shekarar Fara

Irmiya ya kai almakashi bakin zaren fim ɗin, sai ya kasa yankewa. Ya ajiye, ya sake murza injin haɗa hoto. 'Yan mata uku suka bayyana a ɗan gilashin, baƙi da fari, suna daka a gindin wani dutse. Ta tsakiyar, mai wushirya, ta fi sauran ɗaga taɓarya. Ita ce ta haife shi.

Tun bara yake fama da fim ɗinsa a kan noman acca a Kudancin Zariya, wanda ma'aikatarsu ta shirya finafinai ke son aikawa Legas a nuna wa baƙi. Yana binciken sito ne ya ci karo da wani gwangwani mai tsatsa, tsohon fim ɗin da wani kamfanin Landan ya ɗauka zamanin Turawa. Da ya sa shi a inji sai ya gane dutsen ƙauyensu, daga nan ya gane wushiryar. Ranar ko abincin rana bai ci ba don murna. Ya kwafo wurin, ya cire muryar Baturen da ke bayani, ya ɗora busar sarewa, ya buɗe fim ɗinsa da shi. Bai gaya wa tsohuwar ba. So yake ranar nuni ta ga kanta a babban allo, ya ga yadda za ta yi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Audi ne, lauyan ma'aikatar, mutumin da ko rigarsa ta kama da wuta sai ya gama gaisuwa kafin ya nemi ruwa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, sannan ya ja kujera.

"Kamfanin Landan sun amsa takardarmu ta neman izinin hoton," in ji shi. "Sun ce ba su yarda ba. Darakta kuma yana son ya ji ka cire kafin a tashi aiki yau."

"Malam Audi, uwata ce fa."

"Na sani. Uwar taka ce, hoton nasu ne. Doka mai ɗauka ta sani, ba wanda aka ɗauka ba."

"Ko minti ɗaya bai cika ba!"

"Ba gajartarsa ake dubawa kaɗai ba. Kai ado ka yi da shi, ka ɗauki kayan mutane ka ƙawata zaurenka. Da a ce fim ɗinka magana yake yi a kan nasu, sharhi ko suka, ka kuma ambaci sunansu, da ni da kaina zan tsaya maka. Wannan kam doka ta ba da hanya."

Irmiya ya dubi gilashin. "Me zan soka a nan? Dubi yadda ta yi kyau."

Malam Audi ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce lallai ta yi kyau. Ya ce zai dawo bayan azahar.

Ran Irmiya ya ɓaci. Can ya miƙe ya ɗauki makullin babur. In dai yankewa za a yi, to, sai mai hoton ta ga kanta ko sau ɗaya ne.

Ya tarar da uwar tasa, Mama Kande, a tsakar gidansa a Kurmin Mashi, ta ɗaura zanen zumuntar mata za ta tafi koyon waƙa a coci. Ta ce ba inda za ta bi shi, matan suna jiranta, ita ce mai ba da waƙa. Sai da ya haɗa da roƙo ta hau bayan babur ɗin, tana faɗa tun daga gida har suka wuce Unguwar Rimi: shi dai tun yana yaro bai iya faɗin abu kai tsaye ba.

A ɗakin haɗa hoto Luka mai kyamara ya ba ta kujera, ya rage fitila. Irmiya ya ɗora tsohon fim ɗin yadda ya zo, da muryar Baturen da komai, ya koma gefe yana kallon fuskarta.

Dutsen ya fito, 'yan matan suka fito. Mama Kande ta matso, ta kai yatsa har ya taɓa gilashin.

"Laraba ce wannan," ta ce a hankali. "Ga Saratu. Kai, dubi wuyana!"

Daɗi ya kama Irmiya har ƙwalla ta taru masa. Amma tsohuwar ba ta yi kukan da ya zata ba. Ta karkata kai tana sauraron Turancin da ke fita daga injin.

"Me yake cewa?"

Irmiya ya tsayar da injin. Shi kansa bai taɓa kula da muryar ba, tunda ya san cire ta zai yi. Ya mayar da fim ɗin baya, ya saurara, ya fassara mata: wai ga mutanen dutse cikin jin daɗi, rumbunansu cike, ba su san damuwa ba, daka ma da waƙa suke yin sa.

Mama Kande ta ja tsaki mai tsawo.

"Mayar da shi. Kai da ka shekara kana bin masu acca, dubi turmin nan da kyau. Ka ga dusa na tashi?"

Ya duba. Taɓarya na sauka, tana tsalle ta dawo sama kamar an jefa ta a kan dutse. Ko ƙura ba ta tashi.

"Ba komai a ciki," in ji ta. "Shekarar fara ce. Fara ta sauka ta cinye gonaki tas, ganyen daji muke dafawa. Baturen ya zo da tafinta da ɗan sandan sarki, ya ce daka yake so ya ɗauka. Tsofaffi suka ce ba a dakan turmi wayam, yunwa ake kira. Aka ce ai yunwar ta riga ta zo, mu fito. Kakarka ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada ta ji ƙarar."

"Amma Mama, dariya kuke yi."

"Ba dole mu yi dariya ba? Zaginsa muke yi, yana ta jinjina mana!"

Ta ce ya sake sa shi, ya kashe bakin Baturen. Da 'yan matan suka ɗaga taɓarya sai ta ɗauki waƙa da yarensu, muryar nan da ke cika coci ranar Lahadi. Kowace kalma ta faɗa daidai kan leɓen yarinyar da ke cikin gilashin, ba gaba ba baya. Waƙar cewa take: baƙo ya zo kallon tuwo ya tarar da turmi na kuka, turmi na kuka ciki na kuka, ɗauki kukan a akwatinka ka kai wa uwarka ta yi miya.

Luka, wanda yake jin yaren, ya riƙe ciki yana dariya. Irmiya kuwa ya ƙura wa gilashin ido. Shekara kusan arba'in yarinyar nan tana motsa baki a cikin gwangwani, ba wanda ya ji abin da take faɗa sai yau. Bai taɓa jin girman uwarsa a ransa kamar wannan lokacin ba.

"Luka," ya ce, "kafa kyamara. Kawo rakoda."

Sai a lokacin suka lura da Malam Audi tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu. Ashe ya ɗan jima. Ya gaida tsohuwar har da rusunawa, ya sa aka fassara masa waƙar, ya yi murmushi.

"Yaya za ka jera shi?" ya tambayi Irmiya.

"Nasu zai fara, da muryar Baturen yadda take. Sai Mama ta nuna turmin. Sai a sake sa shi da waƙarta."

"Da sunan kamfanin a rubuce?"

"Ɓaro-ɓaro."

"To, wannan ba ado ba ne, amsa ce. In sun ga dama su zo kotu, zan so alƙali ya ji batun miyar nan. Ni zan gaya wa Darakta." Ya juya wajen tsohuwar. "Gwaggo, waƙar nan ta gargajiya ce, ko da mai ita?"

"Wace gargajiya? Ni na yi ta, nan a bakin turmin. Su Laraba amshi kawai suka yi."

"Madalla. Irmiya, ka gama da mutanen Landan, saura mai waƙa. Wannan kam dukanta za ka ɗauka, ba kuma sukarta za ka yi ba. Sai da izininta."

Irmiya ya yi dariya, ya ga lauyan ko gezau. Ya dubi uwarsa, ya ga ta gyara zama ta harɗe hannu, ta ɗauke kai kamar ba ta san shi ba. Ba yadda ya iya. Babban mai shirya fim na ma'aikata, da taye a wuya da komai, ya durƙusa a kan siminti gaban Luka.

"Mama, ina roƙon waƙarki."

Ta bar shi a durƙushe. Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta kakkaɓe zanenta, ta tambayi Malam Audi ko da gaske in ta ce a'a shi ke nan. Ya ce shi ke nan, ko Gwamna bai isa ba. Ta jinjina kai, abin ya yi mata daɗi ƙwarai.

"Na ba ka," ta ce. "Amma ka ce za ka rubuta sunan masu akwatin."

"Doka ce, Mama."

"Rubuta. Sai ka rubuta Laraba, ka rubuta Saratu, ka rubuta ni. Saratu ba ta ga girbin da ya biyo baya ba, ko kabarinta ba wanda zai iya nuna maka yau." Ta miƙe ta tsaya gaban kyamarar, ta gyara murya. "Namu a sama, nasu a ƙasa. Tashi ka kunna."